Ranar da Kunnen Daredevil Ya Ɗaure Marar Laifi

Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu iya magana. Matt Murdock, wato Daredevil, jarumin mujallar zane ta kamfanin Marvel, ba shi da wannan damar. Tun yana yaro wani sinadari mai guba ya faɗo daga babbar mota ya makantar da shi, a daidai lokacin da ya ture wani tsoho daga gabanta. Abin da ya samu a madadin ido shi ne hanci da fata da kunne waɗanda suka wuce na kowa, har yana iya jin bugun zuciyar wanda ke zaune a gabansa. Stan Lee da Bill Everett ne suka ƙirƙiro shi a 1964, kuma tun shekarun farko marubutan mujallar Daredevil suka mai da wannan kunnen na'urar gano ƙarya. Da rana lauya ne, da dare yana yawo a kan rufin gidajen New York a unguwar Hell's Kitchen cikin jajayen kaya da kulki a hannu, kuma a duka biyun dogaronsa ɗaya: idan zuciyarka ta yi tsalle kana magana, ƙarya kake.

A nan ne nake ganin akwai labarin da ya cancanci fitowa shida cur na mujallar. An taɓa taɓo gefensa. A fitowa ta 183 da 184, a 1982, Matt ya kare wani dillalin ƙwaya a kotu saboda zuciyarsa ba ta motsa ba da ya ce bai yi kisa ba, daga baya ta bayyana na'urar daidaita bugun zuciya ce a ƙirjinsa. Wancan labarin mai laifi ne ya kuɓuta. Ni kishiyarsa nake so: marar laifi ya tafi kurkuku, kuma ba na'ura ce ta ruɗi Matt ba. Kunnensa daidai ya ji. Mutumin ƙarya ya yi. Sai dai ƙaryar ba a kan kisan take ba. Zuciya tana nuna cewa mutum ya firgita ko yana ɓoye wani abu, ba ta faɗin mene ne. Shi ya sa ma kotunan jihar New York ba sa karɓar sakamakon na'urar gano ƙarya a matsayin shaida. Matt lauya ne, ya san da haka, amma bai taɓa ɗaukar cewa hukuncin ya hau kan kunnensa ba.

Wurin da labarin zai zauna a tarihin mujallar yana nan a shirye. A zangon da Charles Soule ya rubuta daga 2015, Matt ya koma New York ya zama mataimakin mai gabatar da ƙara a Manhattan, kuma duniya ta manta cewa shi ne Daredevil, in ban da amininsa lauya Foggy Nelson da ya sake gaya wa. Laifin zai faru a wancan lokacin. Labarin kansa zai fara bayan shekara uku, Matt ya bar ofishin ya koma aikin kare waɗanda ake tuhuma tare da Foggy. Kada a sa shekara ko kwanan wata a shafi. Lokaci a duniyar Marvel jan ciki yake yi, duk wanda ya rubuta shekara ya ɗaure wa kansa igiya. "Shekara uku da suka wuce" ya wadatar.

Ga shari'ar. An kashe wani mai garejin ajiye motoci a Tenth Avenue da ƙarfe 1:10 na dare, da sifanar kwance taya. Mutumin yana ba direbobi bashi da ruwa. Akwai wani direban tasi, baƙo ne kamar yawancin direbobin tasi na birnin, da ake binsa kuɗi, kuma an ga suna cacar baki da mamacin da yammacin ranar. Zanen yatsunsa na jikin sifanar, domin da ita ya canja taya a garejin kafin faɗan. Matt da kansa ya ɗauki jawabinsa a ofishin 'yan sanda. "Ina kake da ƙarfe ɗaya na dare?" Direba ya ce yana gida yana barci. Zuciyarsa ta tashi daga 80 zuwa 130. Daga wannan daƙiƙar Matt ya gama yanke hukunci.

Gaskiyar ita ce direban yana kan hanya, yana tuƙi da lasisin ɗan baffansa, saboda nasa takardun sun ƙare. Idan ya faɗi inda yake, ɗan'uwansa zai rasa lasisi, wataƙila a tasa ƙeyar ɗan'uwan zuwa ƙasarsu, ga mata da yara huɗu. Sai ya zaɓi ƙarya, yana ganin tunda bai kashe kowa ba, ba za a ɗaure shi ba.

Kuskure ɗaya bai isa ya riƙe fitowa shida ba, kuma wannan kuskuren kaɗai bai sa Matt ya karya doka ba. Dole a ƙara na biyu, mai nauyi. Wata mata mai sharar ofisoshi da dare ta gaya wa ɗan sanda cewa ta ga wani dogo mai ɗingishi ya fito daga garejin. An rubuta maganarta a takardar rahoton bincike da 'yan sandan New York ke kira DD5. Matt ya kira ta, ya saurara, zuciyarta na dukan uku-uku. Ya ɗauka ƙage take yi. Alhali tsoro ne: ta san mai ɗingishin, yaron Owl ne, wato Leland Owlsley, tsohon abokin gabar Daredevil tun fitowa ta 3 a 1964. Matt ya tura takardar cikin aljihun tebur bai miƙa wa lauyan direban ba. Wannan kuwa saɓa doka ne ƙarara. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1963 a shari'ar Brady da jihar Maryland, wajibi ne mai gabatar da ƙara ya miƙa duk wata shaida da za ta taimaki wanda ake tuhuma. Ba shi da hurumin ya ce shi bai yarda da ita ba. Mutum goma sha biyu masu taya alƙali yanke hukunci ba su taɓa jin labarin mai ɗingishi ba, suka haɗu baki ɗaya a kan laifin kisa. A New York hukuncin irin wannan kisan ɗaurin rai da rai ne, kuma alƙali yana sa mafi ƙarancin shekarun da za a yi tsakanin 15 da 25 kafin a nemi sassauci. A ba shi 20. Daga gidan yarin Rikers aka wuce da shi kurkukun Sing Sing, a garin Ossining, bakin kogin Hudson.

Kafin a shiga fitowa-fitowa, a san girman filin da ake da shi. Mujallar Marvel ta wata-wata yanzu shafi 20 na labari take ɗauka. Shida sun zama 120, daidai abin da ake haɗawa a littafi ɗaya daga baya. Shafi yakan ɗauki akwatin zane biyar zuwa shida, kenan kimanin akwati 100 zuwa 120 a kowace fitowa. Tsohuwar ƙa'idar da marubutan zane ke bi ita ce kada kalmomi su wuce 35 a akwati ɗaya, kada kumfar magana guda ta wuce 25, kada shafi ya wuce wajen 210. Labarin kotu shi ya fi kowane saurin karya wannan ƙa'idar, domin lauyoyi masu magana ne. Da zarar an wuce, sai mai sa haruffa ya rufe fuskoki da kumfa, aikin mai zane ya tashi a banza. Abu na biyu: shafi na 1 a dama yake, don haka shafuka masu lamba biyu-biyu su ne na hagu, waɗanda sai an juya takarda ake gani. Duk abin mamaki a sa shi a akwatin farko na shafin hagu, tambayar da ta jawo shi kuma a akwatin ƙarshe na shafin dama. Idan aka sa shi a dama, ido ya riga ya hango shi tun mai karatu yana shafin hagu.

Fitowa ta 1 za ta buɗe da ɗakin ɗaukar jawabi, shafi 2 da 3, kowanne akwati tara masu girma ɗaya, uku-uku. A ƙasan kowane akwati jan layi yana tafiya kamar na na'urar auna zuciya a asibiti. A akwati na bakwai na shafi 3 layin ya yi tsiri, sai ƙaramin rubutu na tunanin Matt, kalma ɗaya: "Ƙarya." Wannan shafin shi ne ginshiƙin labarin duka, a zana shi da kulawa, a sa abubuwan da mai karatu ba zai lura da su ba a karon farko. Hannun direban yana kan aljihun rigarsa inda katin lasisi yake. Idonsa ba a kan Matt yake ba, yana kan ƙofa, inda ta gilashi ake hango wani mutum a zaune a benci. Matt bai san inda ido ya dosa ba, mai karatu kuma zai bi jan layin ne kawai, domin shekara da shekaru an koya masa ya amince da shi.

Daga shafi 4 a dawo yau. Shafi biyar na dare a kan rufi, Daredevil yana tarwatsa masu ƙwacen wani shago kusa da tashar motoci ta Port Authority, don mai karatu ya ga yadda yake amfani da kunnen cikin izza: wannan ƙarya yake, wancan gaskiya, ya sake shi. Sai ofis da safe, raha da Foggy, sannan ɗan baffan direban ya shigo a shafi 15. Shekara uku yana fama da abin a ransa. Ya zauna ya ce, "Ba ya gida a daren nan. Motata yake ja, da sunana." Jan layinsa a miƙe. Shafi 20 akwati ɗaya ne, Matt a tsaye, gilashinsa a hannu.

A fitowa ta 2 Matt ya ruga zai gaskata mutumin, Foggy ya taka masa burki da maganar da ta fi kowace muhimmanci a littafin: da wane kunne ka gaskata wannan, ba da shi ka ƙaryata wancan ba? Daga nan dole a nemi shaida irin ta kowa. Motocin tasi masu ruwan ɗorawa na New York suna ajiye bayanin kowace tafiya a kwamfuta, lokaci da wurin ɗauka da na saukewa. Bayanin ya nuna motar ta ɗauki fasinja a filin jirgin sama na JFK da ƙarfe 1:05, nisan da ba a yinsa zuwa Tenth Avenue cikin minti biyar ko da fiffike. Amma a kula, nan ne marubuci mai gaggawa yake faɗawa rami: bayanin lambar lasisin ɗan baffan yake ɗauke da ita, bai nuna wa ke riƙe da sitiyari ba. Sai an haɗa da takardar shiga aiki da ke nuna ɗan baffan yana gadi a wani wuri a daren, kuma ko hakan bai ce direbanmu ne ke tuƙi ba. Kyamarar filin jirgi ba za ta taimaka ba, ba a ajiye hotunanta shekara uku. Abin da ya rage shi ne fasinjan, wanda ya biya da kati, kuma ya ɗauki hoto a kujerar baya da wayarsa, fuskar direba ta fito a madubin gaba.

Hoto na zaɓa da gangan. Masu rubuta labarin Daredevil don sha'awa suna yawan mantawa cewa makaho ne na gaske. Yana karanta rubutun biro da na tawada ta hanyar shafa takarda, yana jin siffar abubuwa a kewayensa da wani ji mai kama da rada, amma allon waya da na kwamfuta a wurinsa gilashi ne kawai, ba ya ganin launi, ba ya ganin hoto. Shaidar da za ta wanke direban ita ce irin wadda duk baiwarsa ba ta kai gare ta. A shafin da hoton ya iso, a zana akwatin yadda Matt yake jinsa, irin layukan da Paolo Rivera ya yi amfani da su a 2011 don nuna radar tasa: hannun Foggy, siffar waya, tsakiyarta wayam. Sai ya tambaya, "Shi ne?" Dole ya yarda da idon wani.

Fitowa ta 3 ita ce tsakiyar gida, kuma faɗa kaɗan ne a cikinta, shafi uku kacal, a mashayar Josie, inda Daredevil ya matse Turk Barrett, wani ƙaramin ɗan daba, ya samo sunan mai ɗingishi. Ko a nan a canja abu ɗaya: zuciyar Turk ta yi tsalle, Daredevil ya ɗaga hannu, sai ya tsaya, don bai san ko ƙarya ce ko tsoron dukansa ba. Sauran shafukan na ziyarar Sing Sing ne. Matt ya zauna gaban mutumin da ya ɗaure. A nan za a sake buga shafi 3 na fitowa ta 1, akwati tara ɗin nan ba a canja ko layi ɗaya ba, sai dai an cire kalmar "Ƙarya," an sa muryar direban yana ba da labarin abin da ke ransa a kowane akwati. Yanzu mai karatu zai ga hannun da ke kan aljihu, zai gane wanda ke kan benci. A sa shi a shafin hagu. Kuma a gaya wa mai zane tun fitowa ta 1 cewa za a maimaita shafin, in ba haka ba zai zana shi ba tare da alamomin ba, dabarar ta rushe.

Daga wannan shafin har ƙarshen littafi, jan layin yana nan ƙarƙashin kowa, amma ba a ƙara rubuta masa fassara. Mai sayar da jarida, fada a coci, yaro a tashar jirgin ƙasa, layin kowa yana hawa yana sauka, ba mai gaya maka dalili. Mai sa launi ya kiyaye wannan jan kada ya yi amfani da irinsa a komai sai kayan Daredevil.

Direban bai yafe ba, kuma kada a sa ya yafe. Abin da ya fi ƙona masa rai ba ɗaurin ba ne. Gaskiyar da za ta fitar da shi ita ce za ta hallaka ɗan'uwan da ya yi shekara uku a kurkuku don ya rufa masa asiri. Ya ce wa Matt ya bar maganar. A ƙarshen fitowar Matt ya koma tsoffin fayilolinsa yana neman hanyar da ba za ta taɓa ɗan baffan ba, yatsunsa suka faɗa kan takardar DD5 da ya manta da ita. Shafi 20: yatsa a kan kalmar "ɗingishi."

Ta 4 ta gudu ce da duka, kuma ta halatta bayan nauyin ta 3. Owl ya ji ana tono maganar gareji, ya tura yara su rufe bakin mai shara, ya kuma sayi wasu fursunoni a Sing Sing. Daredevil ba zai iya zama wuri biyu ba. Shafi goma sha biyu ana yanka tsakanin benen da matar take aiki da farfajiyar kurkuku, shafin hagu na nan, na dama na can. Ya ceci matar, direban kuma ya tsira da rauni ta hannun wani fursuna da ba jarumin kowa ba. Kada a kashe matar. Mujallar nan ta riga ta binne mata da yawa don a sa Matt kuka, Elektra a fitowa ta 181 a 1982, Karen Page a 1999, duka masoyansa ne, duka kuma a hannun makashin haya Bullseye. Shi ma Bullseye ba shi da gurbi a nan. Babban ciwon labaran masoya shi ne tara miyagu, kowa ya leƙo ya yi faɗa ya tafi, har a manta da abin da aka zo yi. Owl ya isa. Wilson Fisk, uban gayyar masu laifi na birnin, shafi ɗaya zan ba shi, yana karanta jarida yana umartar lauyoyinsa su tattaro sunan duk wanda Murdock ya taɓa ɗaurewa. Idan aka tabbatar ya ɓoye shaida sau ɗaya, duk shari'un da ya yi za su zama abin tuhuma, har da na masu laifin gaske.

Sai fitowa ta 5, kotu, a gini mai lamba 100 a Centre Street. Hanyar da doka ta tanada ita ce ƙorafi ƙarƙashin sashe na 440.10 na dokar shari'ar laifuka ta jihar, wanda ake kai wa kotun da ta yanke hukuncin tun farko, ana neman ta soke shi saboda sabuwar shaida ko tauye haƙƙin wanda aka ɗaure. A nan akwai tarkon suna: a New York kotun da ke sauraron manyan laifuka a matakin farko ita ake kira Kotun Ƙoli, babbar kotun jihar kuwa tana Albany da wani suna daban. Wanda bai sani ba sai ya zana alƙalai jere a dogon benci, alhali alƙali ɗaya ne, kuma a irin wannan zaman babu mutum goma sha biyun nan. Matt ba zai iya zama lauyan direban ba, tunda shi ya gurfanar da shi kuma shi ne shaida. Foggy ma abokin aikinsa ne, akwai sarƙaƙiya. A kawo Kirsten McDuffie, wadda ta san aikin gabatar da ƙara, ta taɓa son Matt, kuma an shafe mata sanin sirrinsa.

Matt yana tsaka mai wuya. Ya rantse, an tambaye shi dalilin ɓoye takardar. Idan ya ce zuciyarta ya ji, ya tona kansa. Idan ya ƙirƙiro wani dalili, ya yi rantsuwa a kan ƙarya, shi da yake Katolika mai zuwa furta zunubi gaban fada. Idan ya yi shiru, za a ɗauka saye shi aka yi. Fitowa huɗu mai karatu yana jiran ya ga wace ƙofa zai bi. Mafitar ba daga sama za ta faɗo ba, tana cikin hukuncin 1963 ɗin kansa, wanda ya ce ɓoye irin wannan shaidar tauye haƙƙi ne ko da kyakkyawar niyya aka yi ko da mummuna. Wato alƙali ba ya buƙatar dalili kafin ya soke hukunci. Abin da yake buƙata shi ne tabbacin an ɓoye, kuma takardar tana da nauyin da za ta iya canja sakamako. Matt zai ce ya ga takardar, ya saurari matar, ya yanke da kansa cewa ba gaskiya take faɗi ba, bai miƙa ba. Da aka matsa, ya ce ya amince da kunnensa fiye da doka. Kowace kalma gaskiya ce. 'Yan kallo za su ji makaho ne ke magana a kan kunnensa, Foggy kaɗai a benci na biyu ya san zurfinta. A dasa wannan ƙa'idar tun fitowa ta 2, a bakin Foggy, cikin raha, don kada ta zo kamar an ciro ta daga aljihu.

Kyawun wannan hanyar shi ne ta ba Matt abin da zai iya biya. Da takardar da ikirarinsa da shaidar mai shara, Kirsten tana iya neman a soke hukuncin ba tare da ta shigar da hoton tasi ba. Asirin ɗan baffan ya rufu, Matt ne ya ɗauki nauyin a kansa. Hoton da aka sha wahalar nema a fitowa ta 2 bai taɓa shiga kotu ba. Amfaninsa ɗaya, shi ya tilasta wa Matt yarda cewa ya yi kuskure.

Zaman kotu kada ya wuce shafi huɗu a jere ba a fita waje ba, in ba haka ba sai ya zama kawuna suna magana. A yanka zuwa baranda, zuwa matar direban a benci, zuwa hannun mai shara yana rawa. A lokacin shaidar Matt a koma akwati tara, kuma a karon farko a littafin a sa jan layi ƙarƙashinsa shi kansa.

Fitowa ta 6 a yi ta a hankali. An soke hukunci, ofishin mai gabatar da ƙara ya janye tuhumar maimakon sake shari'a, an kama mai ɗingishi, Owl ya sulale. A zahiri ba kasafai ake ladabtar da masu gabatar da ƙara a Amurka kan irin wannan ba, kuma doka ta kare su daga ƙarar neman diyya a kan aikinsu na kotu. Don haka idan ana so hukunci ya hau kan Matt, shi zai kai kansa gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi. Kada a ƙwace lasisinsa gaba ɗaya. An yi hakan a fitowa ta 227 zuwa 233 a 1986, an sake yi a 2014 da ya amsa a kotu cewa shi ne Daredevil, na uku zai zama maimaici. Dakatarwa ta shekara biyu ta fi, domin tana bar wa marubuci na gaba ƙofa a buɗe, ga kuma fayilolin da lauyoyin Fisk suka fara buɗewa, kowanne labari ne mai zaman kansa: Matt yana bin su ɗaya bayan ɗaya, bai san nawa ne kunnensa ya ɗaure ba.

Shafi uku na ƙarshe ba magana da yawa. Matt da farar sandarsa a bakin titi cikin dare ya tsayar da tasi. Ya gane bugun zuciyar tun kafin ya buɗe ƙofa. Direban ya kalle shi ta madubi, madubin nan na hoto. Layinsa ya yi tsiri. Ba fassara. Ya kunna mita ya tambayi inda za a.

Akwai ƙaramin labari na fitowa ɗaya da zai dace a biyo da shi don a huta: Foggy shi kaɗai a kotu, shafi 20, yana kare wata tsohuwa da mai gida ke son kora daga ɗakin haya, Matt yana dakace ba shi da ikon zama a teburin lauyoyi. Duk faɗan Daredevil na ranar ta tagar kotu kawai ake hango shi, ƙaramin jan ɗigo a kan rufi a bayan kan alƙali, ba wanda ya waiga. Foggy bai taɓa jin zuciyar kowa ba, da tambaya da haƙuri yake aikinsa, kuma ya ci shari'ar.

Wanda zai rubuta wannan ya rubuta shi da cikakken tsari, shafi-shafi, akwati-akwati, ba irin taƙaitaccen labarin da ake miƙa wa mai zane ya raba da kansa ba, domin maimaita shafi da jan layi ba sa jure sakaci. Daredevil da duk mutanensa mallakin Marvel ne, wanda Disney ya saya a 2009, kuma kamfanin ba ya karɓar labaran da bai nema ba. A rubuta, a zana, a raba wa masoya kyauta, amma ba a sayarwa. Wanda yake so ya buga ya sayar sai ya cire jajayen kayan da sunayen, ya gina nasa jarumin da nasa birnin, ya riƙe direban da mai sharar da takardar da ke aljihun tebur.